Jinjina ga Waɗanda Suka Fara da Iyaye

A shekarar 2019 aka fitar da wani sakamako daga birnin Leeds na arewacin Ingila wanda ya sa likitocin yara a ƙasashe da dama suka waiwayo. A Ingila ana auna tsawo da nauyin yara a shekararsu ta farko a firamare, suna 'yan shekara huɗu zuwa biyar, a kuma sake awon a ajin ƙarshe. Da aka tattara awon yaran Leeds daga 2009 zuwa 2017, sai aka tarar masu ƙiba fiye da kima a cikin 'yan ajin farko sun sauko daga kashi 9.4 cikin 100 zuwa kashi 8.8. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. Amma a tsawon wannan lokaci biranen da suka yi kama da Leeds ba su motsa ba, Ingila ɗungurungum ma kusan tana nan inda take. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne saukar ta fi ƙarfi a unguwannin talakawa, daga kashi 11.5 zuwa 10.5, alhali a can ne ƙibar yara ta fi katutu, a can ne kuma shirye-shiryen lafiya suka saba cin tura.

Hukumar birnin ta jingina aikinta ne a kan wani shiri mai suna HENRY, wanda likitar yara Mary Rudolf take cikin waɗanda suka kafa shi. Tun daga 2009 aka shiga horar da ma'aikatan lafiya masu ziyartar gidajen masu jego, da ma'aikatan cibiyoyin kula da ƙananan yara, a kan yadda za su zauna da iyaye su yi maganar cimar gida. Iyayen da suke so kuma a haɗa su rukuni-rukuni, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako har mako takwas. Darussan ba su da wani sarƙaƙiya. A ci abinci tare a wuri ɗaya, a kashe talabijin lokacin cin, a zuba wa yaro daidai cikinsa, a tsayar masa da lokacin barci. Babban darasin kuwa na tarbiyya ne: uwa ta daina tambayar ɗan shekara uku me yake son ci, domin amsarsa a bayyane take, ta kuma daina ɗura masa da tsawa. Ta ajiye masa abu biyu masu kyau ta ce ya zaɓi ɗaya. Iko yana hannunta, yaro kuma ya ji an daraja shi.

Yabon gwani ya zama dole. Ina jinjina wa waɗannan ma'aikata, da duk takwarorinsu a ko'ina suke, saboda sun gane abin da ya daɗe yana shige wa masu magani duhu. Yaro ɗan shekara shida ba ya cefane, ba ya ɗora tukunya, ba shi yake yanke ƙarfe nawa za a kashe fitila ba, ba shi kuma ya sayo katan ɗin lemun da ke cikin firji ba. A zaunar da shi shi kaɗai a ce ya rage ci, sannan a mayar da shi gidan da babu abin da ya sauya, kamar a aike shi rafi ɗebo ruwa da kwando ne. Wanda ke riƙe da kuɗin cefane da wadda ke riƙe da ludayi, su ne ya kamata a fara zama da su.

Wannan fahimta tana da tushe a bincike. Leonard Epstein, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fara gwada maganin ƙibar yara tare da iyayensu a Jami'ar Pittsburgh, daga baya ya ci gaba a Buffalo. Shi ya kasa abinci gida uku bisa launin danjar titi: kore a ci a ƙoshi, ruwan ɗorawa a ci da lissafi, ja kuma sai jefi-jefi. Tsari ne da ɗan firamare ma zai riƙe. A 1990 ya wallafa abin da ya gani bayan ya bi sawun yaran shekara goma cur. Yaran da aka ɗora wa iyayensu nauyin gyara nasu cin da nasu motsin tare da 'ya'yan, su ne ƙibarsu ta ragu kuma ragin ya ɗore. Waɗanda ba a yi musu haka ba, ƙibar ƙaruwa ta yi. A 2017 kuma wani gwaji da Kerri Boutelle ta jagoranta a San Diego, a kan yara 150 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, ya nuna cewa ko iyaye kaɗai aka koyar, ba tare da yaro ya taka asibiti don zaman ba, sakamakon bai gaza na waɗanda suka zo da 'ya'yansu ba.

Sai dai zama da iyaye fasaha ce mai zaman kanta, kuma a nan jinjinata ta fi nauyi. Babu uwar da take son a ce mata ta cuci ɗanta, balle a ce da abincin da ta girka masa da hannunta don ƙauna. Kalma ɗaya ta fita a karkace, uwa za ta naɗe katin awo ta saka a jaka, ba za a sake ganin ƙeyarta ba. Ƙwararru a wannan fanni sun ari wata hanyar tattaunawa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 don masu fama da shan barasa, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta. Ginshiƙinta shi ne mutum ya fi riƙe shawarar da ta fito daga bakinsa a kan wadda aka ɗora masa. Don haka ma'aikaciyar jinya takan fara da neman izini: "Maman Abba, kin yarda mu ɗan duba katin nan tare?" Ta nuna mata inda layin nauyi ya ɗaga sama ya bar na tsawo. Sannan ta tambaya ta yi shiru ta saurara. Me yake ci daga safe zuwa dare? Wa yake ba shi? Me yake damunki game da lafiyarsa? A cikin amsar ne uwa da kanta za ta ambaci minsharin da yake yi da dare, ko hakin da yake yi in ya hau bene, ko kukan da ya dawo da shi daga makaranta ranar da aka kira shi lukuti a gaban aji. Daga nan sai a tambaye ta abu ɗaya da take ganin gidanta zai iya sauyawa a wannan watan. Abu ɗaya tak. In ta ce lemun kwalba zai koma ranar Juma'a kaɗai, a rubuta, a sa ranar dawowa. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri, ba a ganin ladansa a rana ɗaya, kuma masu yinsa ba su cika samun wanda zai ce musu sannu ba.

Akwai abubuwan da mai ba da shawara nagari yake cire wa iyaye daga rai tun a zaman farko. Na ɗaya, ƙiba tana da gado a cikinta. Yara biyu za su ci daga kwano ɗaya, ɗaya ya yi teɓa ɗaya ya tsaya siriri, saboda haka ba a kiran mai ƙibar malalaci ko mai haɗama. Gori da tsokana ba su taɓa ramar da yaro ba, sai dai su koya masa ci a ɓoye da ƙin fita wasa, wasu 'yan mata ma har su faɗa cutar ƙin cin abinci. Na biyu, ba a sa yaro mai tasowa horon yunwa. A mafi yawan lokuta burin shi ne nauyi ya tsaya ko ya riƙa tafiya a hankali har tsawo ya cim masa. Na uku, ba a ware masa tukunya. In shi kaɗai aka hana soyayyen dankali 'yan uwansa suna ci a gabansa, ya zama hukunci. Gida gaba ɗaya yake sauyawa, uba ma ya ajiye tasa kwalbar.

Dalilin da ya sa ba a jira shi ne ƙibar ƙuruciya ba ta cika zubewa da kanta ba. Binciken da ya tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2016 ya nuna yaro mai ƙiba ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau biyar wajen yiwuwar zama babba mai ƙiba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na matasa masu ita da ita suke girma. Kafin girman ma tana fara aikinta: hawan jini, kitse a hanta, ɗaukewar numfashi cikin barci, ciwon gwiwa da ƙugu, da nau'in ciwon suga da a da ake ɗauka na manya ne kawai. Akwai wata alama da nake so kowace uwa ta sani. Fatar bayan wuya ko ta hammata takan yi baƙi ta yi kauri, uwa ta ɗauka dauɗa ce ta yi ta dirza da soso ba ta fita. Sau da yawa wannan shaida ce cewa jiki ya fara gaza sarrafa sukari, kuma asibiti take bukata.

To, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Su kansu masu binciken Leeds sun faɗa cewa awon da suka tattara ya nuna an samu sauƙi ne a lokacin da shirin ke gudana, bai isa hujjar cewa shirin kaɗai ya kawo shi ba. Nasarar kuma ba ta da kauri. Da annobar korona ta kulle yara a gida, ƙiba a tsakanin 'yan ajin farko na Ingila ta yi tsalle daga kashi 9.9 zuwa 14.4 a shekara ɗaya kafin ta sake saukowa. Wannan ya nuna iyakar nasiha: in an rufe filin wasa, abinci mai gina jiki ya yi tsada, na banza ya yi araha, uwa mafi ƙoƙari ma hannunta a ɗaure yake. A watan Janairun 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ce maganin da ya fi aiki shi ne zama ido da ido da iyali na aƙalla awa 26 cikin wata uku zuwa goma sha biyu. Magana ce mai kyau a takarda, amma iyalai nawa ne, ko a Amurkan, suke da asibitin da ke ba da wannan, da kuɗin mota, da damar barin aiki? Ƙa'idar ta kuma buɗe ƙofar ba da magani daga shekara 12, da duba yiwuwar tiyata daga shekara 13 ga masu ƙiba mai tsanani. Akwai yaran da ke bukatar haka da gaske, ba na musu. Tsorona shi ne rubuta magani minti biyar ne, zama da iyali kuwa watanni ne, kuma asibiti mai cunkoso zai karkata ga mai sauƙi. Hakkin da ya rage a wuyan waɗanda nake yabo shi ne su tsaya kai da fata a kan cewa zaman iyali ba zai zama abin da ake tsallakewa ba, su kuma kai shi ƙofar talaka.

Wani zai ce mu da muke fama da tamowa ina ruwanmu da wannan. Gaskiya ne yunwa ce babbar damuwarmu. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya samu kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, Arewa maso Yamma kuma ta fi ko'ina. Amma wannan binciken dai ya samu kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce kima. Matsalolin biyu suna zaune a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga ciki ƙibarsu ta kai matsayin cuta, kuma kason ya tashi daga kashi 8 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 20. Yawancin waɗannan yara a ƙasashe masu tasowa suke. Likitoci sun kuma lura cewa yaron da aka haifa da ƙarancin nauyi ko ya tsumbure da wuri, in daga baya aka cika shi da zaƙi da maiƙo, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini a girmansa. Ke nan yunwar jiya ba ta kare mu daga ƙibar gobe ba, share mata hanya take yi.

Duk wanda ya tsaya a ƙofar makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi lokacin tashi ya ga yadda abin yake tafiya. An kawo yaro a mota, a mota za a mayar da shi. A jakarsa akwai lemun kwali da biskit, kuɗin tara kuma sun tafi a alawa da cincin. Ya dawo ya ci indomi da soyayyen ƙwai, ya wuce Islamiyya ya zauna, ya dawo ya karɓi wayar mamansa har barci ya ɗauke shi. Filin da yayyensa suka yi langa da ƙwallo an yanka shi fuloti, rashin tsaro kuma ya sa iyaye, da hujjarsu, ba sa barin yara su yi nisa da ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, ta kuma ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya tsaya wajen giram 25 a rana, kimanin ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemu ɗaya takan wuce wannan ita kaɗai. Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan kamfanoni, domin zoɓo da kunun zaƙi da shayin da muke haɗawa a gida wani lokaci sukarinsu bai gaza na kwalba ba.

A kan wannan sai a ɗora yadda muke kallon ƙiba. Al'ummar da ta binne 'ya'ya saboda tamowa ba a zarginta don ta ga jariri ɓul-ɓul ta ce masha Allah. Kumatu a wurinmu shaida ce cewa uwa ta iya raino, uba kuma yana ciyarwa. Wannan kallon ne ya sa ake sayar da ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu maganin kumburi ne mai ƙarfi da ke tara ruwa da kitse a jiki ya kuma tayar da jini da suga, ya kuma sa wasu iyaye suke sayo wa yara maganin buɗe ciki a kemis ba da takardar likita ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ta iya duban Hajiya a irin wannan yanayi ta ce mata, cikin ladabi, nauyin jikanta ya fara wuce inda ake so, ta yi jarunta, kuma ita ma jinjinar nan tata ce.

Sai dai abin da aka tsara a Leeds ba zai zauna mana daidai ba sai an yi masa gyara. Can ana maganar uwa da uba da 'ya'ya biyu. A nan uwa za ta fito daga asibiti da niyya mai kyau, ta tarar maigida ya dawo da tsarabar lemu da fanke domin ita ce hanyar da ya sani ta nuna wa 'ya'yansa ƙauna. Kaka za ta ce ana so a kashe mata miji da yunwa, ta kira shi ɗakinta ta cika masa hannu. Abokiyar zama tana da ranar girkinta, ba kuma za ta ji daɗi a ce mata ta rage mai ba. Shawarar da ta tsaya a kunnen uwa kaɗai ta faɗa wa wadda ƙila ta fi kowa ƙarancin iko a kan cefane. Dole a gayyato uba, a kuma nemi kaka da girmamawa a sa ta a gaba, domin in ta karɓi maganar babu mai tsallake ta. Kaka ce ma ta fi kowa sanin abincin da muke nema a koma masa: dambun zogale, kwaɗon rama, ɗanwake, faten wake, miyar kuka da kuɓewa, fura da nono ba tulin sukari. Ga yalo da gwaiba da kankana da gwanda a bakin hanya. Babu abin da sai an shigo da shi daga waje.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida. A ɗakunan awon yara an horar da idon ma'aikata su nemi layin da ya yi ƙasa, wanda ya yi sama kuwa sai a ce madalla. Sikeli da ma'aunin tsawo suna nan, katin yana nan, abin da ya rage shi ne a koya wa ma'aikata karanta ɓangarorin biyu da yadda za su buɗe maganar ba tare da sun kunyata uwa a gaban layi ba. Awon ma yakan tsaya ne da an gama allurar rigakafi, alhali ƙibar ta fi bayyana a shekarun firamare, don haka makarantu su riƙa auna ɗalibai ko sau ɗaya a shekara, a sanar da iyaye a asirce, su duba abin da ake sayarwa a ƙofarsu, su kuma mayar da lokacin wasa da suka cinye da darasi. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemun zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Mataki ne mai kyau, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da kamar kashi 20 cikin 100 kafin ya rage sha sosai, naira 10 kuwa ba ta kama ƙafar haka ba. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko kitsensu ya yi yawa, tambarin da ko wanda bai yi boko ba zai gane. Mu ma muna bukatar irinsa.

Ga ma'aikatan lafiyarmu, Allah ya saka da alheri, ku kuma ƙara da kiran iyaye maza zuwa ɗakin awo. Ku iyaye, in an nuna muku kati an ce nauyin yaro ya haura, kada ku ɗauke shi zagi, kada kuma ku huce a kan yaron. Ku tambayi abin da gida zai fara da shi, ku zaɓi abu ɗaya da kowa zai yi har da ku, sannan ku koma ranar da aka ba ku.